Bula da Cutar Farfesa

A asibitin koyarwar da muka yi aiki, babu wanda ya san sunanta na yanka sai ma'aikatan ofishin da ke ajiye fayil. Bula kowa ke ce mata, tun daga mai gadi har shugaban asibiti. Ni kuwa ina da lasisin kiranta duk abin da na ga dama, domin 'yar kawuna ce, ni ɗan goggonta, tun muna rarrafe muke zagin juna. Ta girme ni da wata huɗu, kuma shekara sittin da biyar ke nan ba ta bar ni na manta ba.

Karatunta a aji uku na sakandare ya tsaya. Ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba, baki ne ya yi yawa. Ta auri wani bakanike da muke kira Injiniya, mutum mai shiru, wanda in ya ce maka "to" ya gama hirar ranar ke nan. Dangi suka ce Allah ya haɗa su daidai, ita ta yi maganar mutum biyu, shi ya huta.

Shekara goma sha huɗu ta yi a sashen wanki na asibitin, kuma a can ta samo sunan. Ga 'yan yanzu da ba su san bula ba, wani shuɗin gari ne da ake zubawa kaɗan a ruwan ɗauraya. Farin yadi in ya sha jiki rawaya yake komawa, shuɗin nan shi ke kashe rawayar, ido ya ga fari tas. In ka zuba kaɗan ba ka yi komai ba, in ka zarce ka ɓata kaya. Ita da bakin farce take aunawa, ba ta taɓa kuskure ba. Abin ya shiga kanta har ta daina ganin mutane, tufafinsu take gani. Sai ta tare babban likita a baranda, gaban ɗalibansa, ta ce, "Likita, wannan rigar taka fara ce, ko a shayi aka jiƙa ta? Cire ka ba ni, ka karɓa gobe." Kuma cirewa suke yi.

Da aka kawo manyan injunan wanki, sai aka rarraba ma'aikatan sashen. Bula ta faɗa ɗakin binciken nama, inda ake kai ɗan abin da aka yanko daga jikin majiyyaci. A can ake yanka shi siriri fiye da ɓawon albasa, a manna a kan ɗan gilashi, a rina shi da ruwan hoda da shunayya, sannan a leƙa shi ta madubin likita, na'urar nan mai girmama ƙananan abubuwa. Aikinta wanke gilasai da kwalabe da goge ƙasa.

Shugaban sashen shi ne Farfesa, ni kuma direbansa, shekara goma sha tara. Gajere ne mai muryar dogo. A gaskiya ya san aikinsa. In ya leƙa nama ya ce daji ne, to daji ne, ka fara neman magani. Ciwonsa ɗaya: yana so kafin ya mutu a sa wa wata cuta sunansa. Ya ce ƙananan mutane ne ake sa wa titi sunansu.

Sai aka sayo kyamara aka ɗora a kan madubin, aka jona da kwamfuta. Farfesa ya zauna da kansa ya ɗauki hotunan hantar majiyyata arba'in da ya daɗe yana zargin akwai wani abu a jikinsu. Hotunan masu lafiyayyar hanta kuwa, waɗanda za a gwada da su, ya bar wa wata matashiyar likita da ke koyon ƙwarewa a ƙarƙashinsa, wadda kowa ke kira Ƙaramar Likita. Da aka jera hotunan, sai ga nasa arba'in duk sun yi wata rawaya-rawaya, nata kuwa babu. Ya koma ya leƙa da idonsa, bai ga rawayar ba. Maimakon hankalinsa ya tashi, sai murna ta kama shi: ya ce kyamara ta gano abin da idon ɗan Adam ya kasa gani.

Ni na sha wannan murnar, domin a mota yake gwada jawabinsa. Farfesa bai ɗauke ni mutum ba, ya ɗauke ni wani ɓangare na sitiyari.

"Direba, ka san wa kake tuƙawa?"

"Farfesa, ranka ya daɗe."

"Nan da shekara biyu, ɗalibai a duk duniya za su riƙa faɗuwa jarrabawa saboda sunana."

"Allah ya nuna mana, ranka ya daɗe."

Saura wata guda ya tafi taron ƙwararru a ƙasar waje, sai ya tara mutanen sashen wata Laraba da safe don ya gwada jawabin a gabansu. Ni na ɗauko majigi na jona, na tsaya bakin ƙofa. Masinja bai zo ba ranar, don haka Bula aka sa ta kwashe kofunan shayi. Ta shigo da tire daidai lokacin da hoton farko ya cika bango. Ta tsaya, ta karkata kai, na ga leɓenta ya motsa. Na yi mata alama da ido, na yi da hannu, har ƙafa na buga. Ina!

"Kai," in ji ta, "wannan hoton bula yake so."

Farfesa ya juyo. "Wa ya yi magana?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

Ya yi murmushin da yake yi wa ɗalibin da zai kayar. "Baiwar Allah, wannan launin da kike gani, shi ne cutar."

"Ayya. To Allah ya ba su lafiya." Ta ɗauki kofi ɗaya, ta ɗora a tire, na fara sauke numfashi. Sai ta sake ɗago kai. "Amma can gefe, inda babu nama, shi ma ciwon ya kama shi?"

Kowa ya kalli gefen hoton. Wurin da babu komai sai gilashi zalla, rawaya ne shi ma.

"Gilashin nan ni na wanke shi," ta ci gaba. "Sau uku nake ɗaurayewa. In hanta ce ta yi rawaya, ban da ta cewa, ban yi karatu ba. Amma gilashi ba shi da hanta, ranka ya daɗe."

Wani babban likita ya tuna igiyar takalminsa ta kwance, ya sunkuya ƙarƙashin tebur, kafaɗunsa na rawa, alhali takalmin ba mai igiya ba ne. Ƙaramar Likita ta zuba wa bangon ido, fuskarta ta canza. Farfesa ya kashe majigin da kansa, ya ce, "A fitar da kofunan nan."

A hanyar gida, da muka kusa, sai Farfesa ya ce min, "An ce 'yar'uwarka ce."

"Nesa-nesa, ranka ya daɗe. Ko gaisawa ba ma yi."

Washegari Ƙaramar Likita ta ɗauki gilashi wanda babu komai a kansa ta sa a madubin. Ta ƙure fitilar da ke ƙasa ta ɗauki hoto, ta rage hasken ta sake ɗauka. Na biyun ya fito da cutar Farfesa. Ashe ƙwan fitilar tsohon yayi ne, in an rage masa wuta haskensa rawaya-rawaya yake komawa kamar na kyandir. Idon mutum yana gyara wa kansa wannan ba tare da ya sani ba, kyamara kuwa abin da ta gani take rubutawa. Farfesa haske mai ƙarfi na sa masa ciwon kai, kullum a rage yake aiki. Ƙaramar Likita kuwa yarinya ce, a ƙure take bari. Cutar da za ta kayar da ɗaliban duniya ke nan.

A nan zan faɗi alherin Farfesa, ko da yake bai taɓa faɗin nawa ba. Ya rubuta wa masu taro cewa wani uzuri na iyali ya taso. Ya kulle kansa a ofis kwana uku. A rana ta huɗu ya aika a kira Bula. Ta ɗaure kayanta a leda, ta yi sallama da masu shara, ta biyo ta wurin mota ta ce min, "In an kore ni, kai za ka ciyar da ni, tunda ba ma gaisawa." Har yau ban san wanda ya kai mata wannan maganar ba.

Ta samu Farfesa zaune gaban madubin, Ƙaramar Likita na tsaye riƙe da littafin da ya zo da kyamarar, wanda babu wanda ya taɓa buɗewa. Ya tura mata kujera. "Zauna. Nuna min fari."

Abin da littafin ya ce ba shi da wuya. Kafin ka ɗauki hoto, ka zame gilashin zuwa inda babu nama, ka danna wani wuri a kwamfuta, wato ka gaya wa kyamara cewa wannan shi ne fari. Daga nan ita za ta auna sauran launuka a kansa. Sai ka dawo kan naman ka ɗauka.

"Wato sai an gaya mata?" in ji Bula. "Duk tsadar nan tata, ba ta san fari ba?"

Littafin ya kuma ambaci wani ɗan zagayayyen gilashi shuɗi da ake ɗorawa a kan fitila. Aka birkice sito ba a gan shi ba. Daga baya aka same shi a teburin sakatariya, ta mai da shi murfin 'yar kwalbar da take zuba sukari. Bula ta ɗaga shi sama ta duba ta ciki, ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ranka ya daɗe, ka ga abin da na gaya maka? Masu ƙera abin ma da bularsu suka aiko shi."

Daga ranar hoto ya zama nata. Wadda ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba, cikin wata biyu ta iya jan abin nan na hannu da take kira ɓera. Ta kafa dokokinta, kuma likitoci masu digiri uku-uku suka bi layi suna haddacewa. Saita farin nan, ita "gaida fari" take ce masa. Ba a ɗaukar hoto sai an gaida fari. Ka taɓa fitila, ka sake gaisuwa. Ka juya zuwa babban gilashin girmamawa, ka sake. Ba ta yarda a bar kyamara ta zaɓa da kanta ba, ta ce da zarar ruwan hoda ya cika mata fuska sai ta ruɗe ta yi ta zuba kore. Kuma ba ta son farin da ke ƙona ido, domin siraran gefunan ƙwayoyin nama ɓacewa suke a cikinsa.

Tsofaffin hotuna ma tana gyarawa. Ta kai ɓera kan kusurwar da babu nama, ta danna, rawayar ta washe. In ka kawo hoton da nama ya cika ko'ina babu fili ko kaɗan, sai ta miƙa maka abinka. "Ban san gaibu ba, ɗana. Je ka nemo gilashin." Kuma ba ta taɓa goge hoton asali ba, gefe take ajiye shi, ta yi aiki a kan kwafi.

Wani ɗalibi mai neman babban digiri ya taɓa raɓowa ya ce ta ɗan ƙara wa wasu ɗigo-ɗigo duhu a hotonsa, don sakamakon ya fi fitowa. Ya ce ai duk gyara ne. Ta cire ɓera daga ƙarƙashin hannunsa. "Ni wanki nake yi, ba rini ba. Datti nake cirewa. In rini kake so, kasuwa na nan." Ta faɗa da ƙarfin da sai da aka ji a baranda. Yaron ya canza hanyar shigowa sashen har ya gama.

A takarda dai mai goge-goge ce har ƙarshe. Sau uku Farfesa na rubuta wa ofishin ma'aikata a canza mata matsayi, sau uku suna amsa cewa ba ta da takardar shaida. Da ya gaji, sai ya sa aka ɗauko kujerarsa mai juyawa aka kai mata, shi ya koma kan ta katako. Ta ce wannan ya fi takarda, tunda takarda ba a jingina da ita.

Tana da sirri ɗaya da ni kaɗai ta gaya wa. Bayan kwamfuta ta saita fari, sai ta ƙara ɗan shuɗi da hannunta, kaɗan, gwargwadon bakin farce. "Na'ura ba ta taɓa shanya ba," in ji ta. "Ina za ta san yadda fari ke kama ido?"

Shekaru suka tafi. Farfesa ya yi ritaya, Ƙaramar Likita ta zama shugabar sashe, da furfurarta, amma a bakin Bula ba ta girma ba. Ni aka mai da ni motar ma'aikata. Sai hotuna suka fara sauyawa a hankali. Ruwan hoda ya fara komawa shunayya, fili ya fara kama da sararin sama. Wata mujalla ta dawo wa wani likita da hotunansa, ta tambaya wane irin rini ne wannan. Kowa ya gani, babu mai iya faɗa. Aka yi taro a ɓoye, aka rasa mai ƙarfin hali, sai aka aiko a kira ni.

"Kawu," in ji shugabar, "kai ne abokin wasanta. In kai ka faɗa, ba za ta ji zafi ba."

"Ita ba za ta ji ba. Ni fa?"

Na same ta tana juyi a kujerarta. Na ce, "Tsohuwa, hotunan nan naki sun yi shuɗi."

"Kai da ka shekara talatin kana kallon bayan motoci, kai ne za ka gaya min launi?"

"Bula ta yi yawa, na rantse."

"Fita min daga nan, kafin in gaida fari a kan sanƙonka."

Shugabar ta shigo, ta durƙusa gefen kujerar kamar mai gaida uwa. Ta kai ɓera kan filin hoton, wasu lambobi uku suka fito, na ja da na kore da na shuɗi. "Mama, in fari ne na gaskiya, ukun nan kusan daidai suke zama. Dubi na shuɗi." Ya tsere wa sauran nesa. Bula ta ce kwamfutar ce ta tsufa. Aka gwada wata, haka. Ta yi shiru, abin da ban taɓa gani ba tun muna yara, sai na ji ba daɗi.

Da aka kai ta wurin likitan ido, ya ce yanar ido ce ta rufe ɗan gilashin da ke cikin idanunta biyu, kuma irin wannan yanar tana sa mutum ya riƙa ganin komai da rawaya-rawaya, a hankali, ba tare da ya lura ba. Tana ganin rawayar da ke cikin idonta, tana zuba wa hotunan mutane shuɗi don ta kashe ta.

Aka yi wa idon dama aiki. Farfesa ya zo dubiya yana dogara sanda, ya zauna, ya daɗe yana kallonta da bandeji a fuska. Shekara goma sha bakwai yana jiran wannan ranar. Ya ce, "Ashe gilashi ma yana da hanta." Ta yi dariya har ma'aikaciyar jinya ta zo ta ce ɗinkin zai warware.

Ni na mai da ita gida ranar da aka cire bandejin. Tun a hanya take salati, wai ashe ganyen bishiya haka yake. Muka shiga tsakar gida, ta tsaya cak. Zannuwan gado a kan igiya, labulen ƙofa, rigunan makarantar jikoki, duk shuɗi. Injiniya ya fito tarbarta cikin doguwar rigarsa ta fita, wadda ta san fara ce.

"Baban yara, wannan rigar fa?"

"Ke kika wanke."

"Tun yaushe take haka?"

Ya yi tunani. "Shekara biyu."

"Shekara biyu kana yawo a gari haka, ba ka ce min komai ba?"

"A gareji Sararin Sama suke ce min," in ji shi. "Na saba."

Ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da mayafi. Na ɗauka kuka take, har na matsa zan ba ta haƙuri, ashe rabi kuka ne rabi dariya. Da ta ɗago ta ce masa, "Cire ka ba ni." Ya ce a'a, shi yanzu ya fi son ta haka. Wannan ce doguwar gardama ta farko da aka taɓa ji daga bakinsa, kuma shi ya ci.

Ta koma aiki bayan wata guda. Ta buɗe hotunan asali na shekara biyun nan, ta sake gyara su ɗaya bayan ɗaya, sama da dubu uku, ta bi masu su ofis-ofis ta miƙa musu. Ba ta ba kowa haƙuri ba, cewa take, "Ga naka, wancan na wasa ne." Ta daina ƙara shuɗi da hannu. Ta koma duba lambobin nan uku, ta koya wa sababbin ma'aikata biyu, tana gaya musu kada su yarda da idon kowa, har nata. Bara ta yi ritaya. Ta nemi tafiya da kujerar, aka ce kayan gwamnati ne, sai shugabar ta sa aka rubuta cewa ta karye.

Idon hagu kuwa ta ƙi a taɓa shi har shekara uku. Ta ce tana son ta riƙa rufe wannan ta buɗe wancan, ta ga yadda ta yi wa mutane rashin kunya da yadda abin yake a gaskiya. Yanzu ya rufe gaba ɗaya, 'ya'yanta sun matsa, an sa ranar Litinin mai zuwa. Jiya ta kira ni a waya ta ce in zo da wuri in kai ta, kuma in yi wanka.

Na ce, "Wankan na mene ne? Ni za a yi wa aikin?"

Ta ce, "Ban taɓa ganinka da lafiyayyun idanu biyu ba tun da ka tsufa. Kada in buɗe in ce a mayar min da yanata."